Kamun Ganiyyu

Mutanen Difa sun riga ni sanin mijina ya rasu.

Difa a Nijar take, ban taɓa taka ta ba. Daga bakin ruwan da abin ya faru zuwa ƙofar ɗakina kuwa tafiyar minti goma ce, ko da tsohuwa ce ke tafiyar. Amma sai da labarin ya je Difa ya dawo, sannan ya same ni.

Sunana Rahmatu. A aji huɗu na bar firamare, don haka wanda ya ga kuskure a rubutuna ya gyara a zuciyarsa, ya wuce. Garinmu ƙarami ne, a bayan Kirikasamma, in damina ta yi nisa sai da kwale-kwale ake shigo mana. Mijina Abdulganiyyu ne, kowa Ganiyyu yake ce masa. Ni ban taɓa kama sunansa ba yana raye, Malam nake cewa. Sai yanzu da ba ya nan bakina ya saba da sunan.

Ranar Talata ce da hantsi. Sun fita gayyar yankan kachalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa. In zai shiga ruwa, a gida yake barin wayarsa, a kan akwatina, cikin tsohuwar hularsa, don kada kaji su ture ta. Ina tsakar gida ina gyaran tarwaɗa, sanye da zanin atamfa mai ganye-ganye da ya saya min da ƙaramar Sallah. Wayar ta fara ƙara. Na saba, kullum haka take. Sai dai ranar ta ƙi yin shiru, wani saƙo na bin wani. Na ce a raina, wataƙila ruwa aka sako daga dam. Na goge hannuna da bakin zani, na shiga, na danna saƙon murya na ƙarshe.

Wani dattijo ne, Hausarsa irin ta mutanen Nijar.

"Jama'ar Kogi Ɗaya, Allah shi jiƙan Ganiyyu. Allah shi ba iyalinshi haƙuri."

Na ce ai Ganiyyu da yawa a duniya. Na danna na samansa. Na danna wani. Na yi ta hawa har na kai na farko, muryar wani ɗan garinmu, yana haki, ana jin ihun mutane a bayansa. Kwale-kwalen su Ganiyyu ya kife, saiwar kachalla ta riƙe masa ƙafa, an fito da shi amma rai ya yi halinsa.

A lokacin wan mijina yana ƙofar gida. Sau uku yana sallama, yana neman ta inda zai fara. Na ce masa, "Shigo, Yaya. Na ji."

Bari in gaya muku mene ne Kogi Ɗaya, don duk abin da zan faɗa a kansa yake tafiya.

Guruf ne na Wasaf. Ruwan da ke wucewa ta bayan garinmu shi ne yake zuwa Gashuwa, ya je Gaidam, ya bi ta Difa, ya faɗa tafkin Cadi. Masunta da manoman shinkafa na nan, da masu noman tattasai na Difa, da wasu 'yan boko, su ne a ciki, sun haura ɗari biyu, yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba. Abu biyu suke nema. A riƙa sanar da mutane kafin a saki ruwa daga dam ɗin da ke can sama, kuma a haɗu a share hanyoyin da kachalla ta cinye. Malam yakan ce, a da sai a haɗu a ɗauki mota a kai takarda birni, a dawo da ciwon baya, takardar ta kwanta a can. Mutanen Difa ma suna kai tasu takardar wani birnin daban, da wani yaren daban, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. "Yanzu kuwa," in ji shi, "in na yi tari a nan, daga Bosso, can bakin tafkin Cadi, za a ce min sannu."

Aikinsa a ciki ɗaya ne. Kullum bayan ya dawo daga masallaci gari ya waye, sai ya ɗauki gora ya gangara mashaya, wurin wani dutse da ba ya motsi. Ya tsoma gorar har ta taɓa ƙasa, ya fito da ita, ya auna inda ya jiƙe da hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan doguwar yatsa, wato kamu. Sai ya danna waya ya ce, "Salamu alaikum. Ganiyyu ne daga bayan Kirikasamma. Yau kamu huɗu da rabi. Ya hau kaɗan." Shi ke nan. Shekara uku bai fasa ba, har da safiyar da aka kai ni gidansa. Da wannan maganar tasa mutanen ƙasan kogi suke sanin kwana nawa ya rage musu su kwashe injinan ban-ruwa daga bakin kogi. Na sha yi masa tsiya. Na ce, "Malam, kogin nan ko albashi yake ba ka?" Ya ce, "Yana ba ni tarwaɗa, ke kuma kina cinyewa."

Shekara biyu da wata bakwai muka yi. Allah bai ba mu haihuwa ba. Da aka zo rabon abin da ya bari, wansa ya miƙo min wayar da hular tare, ya ce, "Riƙe, ke kika san kanta."

Na yi takaba, wata huɗu da kwana goma, sannan na koma gidan Innata a cikin garin. Duk tsawon lokacin nan ban ce uffan a guruf ɗin ba, kuma ban fita ba. Nakan koma baya in saurari saƙonninsa. Babu zancen soyayya a ciki ko ɗaya, 'yan'uwa, kamu kaza ne, kamu kaza ne. Amma ina jin ranar da yake mura, ina jin ranar da muka yi faɗa. Akwai wata safiya da ake jin muryata can nesa ina cewa ya taho da itace.

Ban cika wata biyu a gida ba Inna ta fara.

"Auta, Badamasi tela ya sake aiko da gaisuwa."

"Ina amsawa."

"Ba amsawa nake tambayarki ba. Shekararki ashirin da huɗu. Ba goyo, ba ciki. Zaman me kike yi?"

"Inna, ko shekara bai yi ba."

"Shekara a wane littafi? Allah ya ce wata huɗu da kwana goma, ke kin fi Shi sani ne? Kin rungume waya kamar jaririya. Wayar za ta yi miki cefane?"

Badamasi ba baƙo ba ne. Shagonsa na bakin kasuwa, ɗinki yake yi yana kuma sayar da yadi. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, bai sake aure ba. Gajere ne, mai sanyin magana, kullum da tef ɗin awo a wuyansa, da guntayen zare a jikin rigarsa. Ba ni da abin da zan ce ya yi min. Laifinsa ɗaya, in ya yi sallama a zaure, kansa ba ya kaiwa inda Malam ke sunkuyawa. Yakan zo bayan la'asar ranar Juma'a, cikin shadda ruwan toka da ya ɗinka wa kansa, ya zauna a bakin tabarma, ni kuma in zauna can ƙarshe cikin hijabina baƙi. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi awakin Inna ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye ledar dabino ko sabulu, ya tafi. Inna ta ce kafin azumi take son jin amsata.

Ana cikin haka wata rana da azahar wayar Malam ta yi ƙara, kira ne ta Wasaf, lambar Nijar. Na daɗe ina kallonta kafin in ɗauka.

"Wushe, wushe! Madam Ganiyyu ce?"

Yagana ce. Na san muryarta a guruf, ita ce ke haɗa kan bayanai a Difa, malamar makaranta ce, Babarbariya, shi ya sa ta gaishe ni da yarensu. In tana Hausa sai ta riƙa tsoma Faransanci kamar mai zuba gishiri a miya. Ta yi min gaisuwa mai tsawo, har ta yi kuka, ita da ba ta taɓa ganinsa ba sai a hoto. Sannan ta zo kan magana.

Bayan shekaru suna bugun ƙofa, an yarda za a saurare su. Manyan ma'aikatan ruwa na ƙasashen biyu za su zauna da su ta waya mai hoto, nan da kwana goma sha biyu. Akwai wani Injiniya Ahmed, ɗan Gashuwa da ke karatu a ƙasar Turawa, shi ke haɗa duk awon da aka yi a zane ɗaya, don a nuna yadda ruwa ke afko wa mutane ba sanarwa. Na kowa ya shiga. Na Malam ne ya gagara.

"Don me?" na ce. "Ai nasa ya fi na kowa yawa."

"Ya fi na kowa, ƙanwata. Shi ne na can saman kogi, gaba da kowa, kuma babu rana ɗaya da ya tsallake. Amma mu da mita muka auna. Na Gashuwa da tef. Shi da hannunsa."

"To, kamu ba awo ba ne?"

"Awo ne a kasuwa. Ahmed ya ce kamun wani ba na wani ba ne. In an yi kuskure kaɗan a kamu ɗaya, a kamu shida ya zama bambancin shinkafar da ta tsira da wadda ta nutse. Ma'aikatan can kuwa kuskure ɗaya suke nema su ce duk aikinmu shirme ne. In ba mu san tsawon hannunsa ba daidai, dole a cire nasa."

Na ce, "Duk shekara ukun nan babu wanda ya tambaye shi?"

Can ta ce, "Wa ya san zai tafi?"

Na ajiye wayar, na zauna a bakin gado. Mutumin nan bai bar ɗa ba. Bai bar gida na kansa ba, gonar ma ta gado ce, ta koma cikin 'yan'uwa. Abin da ya bari da yake nasa shi kaɗai, safiya dubu da wani abu ne a bakin dutsen nan. Su ne za a share don hannun da ya auna su yana cikin ƙasa.

Na fara nema kamar mahaukaciya. Na je gidan wansa na karɓo rigar Malam ɗaya, na shimfiɗa, na ɗauki hoto na tura. Injiniya ya ce hannun riga daga kafaɗa yake farawa, a wuyan hannu yake tsayawa, ba zai yi ba. Na nemo gorar. Babu alama ko ɗaya a jikinta, don Malam bai taɓa yanka ta ba, me zai yi da alama ga hannunsa? Na tura hotunan bikinmu. A duk cikinsu hannun yana cikin babbar riga. Wansa ya miƙo nasa hannun ya ce a auna, ai uwa ɗaya uba ɗaya suke. Na dube shi, na dubi hannun, na yi masa godiya. Ko kusa.

A rana ta biyar ina wanke-wanke, na zura hannu cikin tukunya har gwiwa, sai abin ya faɗo min.

Wata rana ce da bazara, muna amarci, muna zaune a rumfa ana zafi. Yana yi min dariya wai hannuna kamar na 'yar tsana. Na ce ƙarya ne. Ya ce to kawo. Ya kafa gwiwar hannunsa a tabarma, na kafa tawa a jikinta, muka kwantar da hannuwan tare. Nasa ya wuce nawa. Na sa yatsun ɗaya hannun a kwance na cike gurbin, huɗu cif, babu babban yatsa. Ya ce, "Kin gani? Saura yatsu huɗu ki kamo ni." Daga nan ya zama wasanmu. In na yi fushi sai ya kafa gwiwar hannu ya ce, zo mu gani ko kin ƙaru.

Ban iya faɗin wannan a guruf ba, maza ɗari biyu. Yagana na tura wa ita kaɗai. Ta dawo min da amsa da yamma.

"Ni na yarda da ke, wallahi. Ahmed ma ya yarda. Amma ya ce in suka tambaye shi daga ina ya samo, ba zai ce daga tunanin matarsa ba. Shaida ɗaya ce. A samo wani abu da za a iya taɓawa, ko da guda, in ya dace da naki shi ke nan."

Washegari Juma'a. Badamasi ya zo da ledarsa. Inna ta sa ni na canza hijabi, na sa ruwan goro, har da cewa in shafa hoda. Ban shafa ba. Na zauna, kaina yana wani wuri. Ya gama tambayar awaki, ya yi gyaran murya.

"Rahmatu, na ga kamar da abin da ke damunki. In da hidimar da zan iya, ki faɗa."

Allah ya yafe min, haushinsa nake ji, don kawai yana da rai.

Na ce, "Hidima kake so? To nemo min tsawon hannun mijina."

Ya ɗago ya dube ni. Na zazzage masa komai, Difa, Injiniya, mita, kwana shida da suka rage. Na ƙare da cewa, "Ka ga ba aikin allura ba ne."

Ya daɗe yana murza bakin tef ɗin wuyansa. Sannan ya tashi, ya sa takalmi, ya ce a gaida Inna.

Inna tana bayan ƙofa, ta ji duka.

"Kin kyauta! Mutum ya zo neman aurenki kin aike shi kabari! Wace irin 'ya ce ke? In ya sake taka gidan nan ki canza min suna."

Asabar da hantsi muna tsakar gida, Inna na tankaɗe, sai muka ji ƙarar baro a zaure, da sallama. Badamasi ne, ba shadda, rigar aiki ce a jikinsa, duk gumi. A kan baron teburinsa ne na yankan yadi, ƙafafu a sama. Daga bakin kasuwa ya turo shi, rabin gari na kallonsa.

Inna ta ce, "Ikon Allah! Badamasi, ƙaura ka yi?"

"A'a, Inna. Aro na kawo."

Ya sauke teburin ya juya shi, ya share gefensa da tafin hannu. Katakon ya yi baƙi don tsufa. Ya nuna min wasu tsagogi biyu da aka yi da wuƙa, ɗaya kusa, ɗaya gaba da ita.

"Kin san farin yadi da kamu ake sayensa a garin nan," ya ce, idonsa a kan katakon. "Ni kuma kin ga yadda Allah ya yi ni. Sai mutane suka gano dabara. Duk mai sayen yadi sai ya biya ya ɗauko Ganiyyu, wai shi zai auna. Ya zo yana dariya, ya miƙa wannan hannun nasa kamar gora, yadina na tafiya. Rannan na gaji, na ce yau sai an yi shari'a. Na sa ya kafa gwiwar hannunsa a nan, daidai bakin tebur, na tsaga inda yatsarsa ta kai. Na kafa tawa, na tsaga. Na ce daga yau a tsakiya za a riƙa yankawa, kowa ya yi haƙuri." Ya ɗan yi murmushi. "Ya ce ni da Allah, na cuci marayu."

Ban san da wannan ba. Malam bai taɓa gaya min ba. Ashe akwai dariyarsa da ban ji ba, tana nan ajiye a shagon wani.

Na ce, "Tun jiya ka san da shi."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya shafa gefen teburin.

"Sai da na kwana ina shawara da zuciyata. Ba zan ɓoye miki ba. Na san in na kawo, na ƙara ɗaure ki da shi ne. To, da asuba na tuna akwai wani kwano na marigayiya da har yau ban bari kowa ya ci abinci a ciki ba. Sai na nemo baro."

Inna ta ajiye rariya. Ta matso kusa da teburin.

Na kira Yagana da hoto. Ta fito a allon wayar da ɗankwali ja, ɗalibai na hayaniya a bayanta, ta kore su da Faransanci. Badamasi ya ciro tef daga wuyansa, ya auna daga bakin tebur zuwa tsaga ta nesa, ya duba lambar, bai faɗa ba. Ya ce a fara auna nawa tukuna, kada a ce an haɗa baki. Ya miƙa wa Inna tef ɗin ya juya baya. Na naɗe hannun hijabi. Inna ta auna, tana mita wai ita ba ta san lamba ba, na karanta da kaina, inci goma sha bakwai. Na kwantar da yatsuna huɗu a kan tef, inci uku ba kwata.

"Ashirin ba kwata ke nan," in ji Badamasi, har yanzu bayansa gare mu. Muryarsa ta canza. "Na teburin ma ashirin ba kwata."

Yagana ta buga wani ihu, ta ce santimita hamsin, santimita hamsin, ta yi ta maimaitawa. Ni ban ji sauran ba. Na je bakin teburin, na kafa gwiwar hannuna inda ya kafa tasa, na kwantar da hannuna, na cike da yatsu huɗu. Suka tsaya a kan tsagar, ba ƙari ba ragi. Tun ranar Talatar da Malam ya rasu ban yi kuka irin na wannan hantsin ba. Inna ce ta janye ni.

Ranar taron na zauna a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, don nan ne sabis ya fi ƙarfi. Fuskoki ƙanana-ƙanana cike da allo, wasu da kwat, wasu da rawani, wani dattijo a cikin kwale-kwale. Rabin maganar ban gane ba. Amma da Injiniya ya buɗe zanen, na ga layuka masu hawa da sauka, ya nuna na sama, shuɗi, wanda bai yanke ba ko sau ɗaya sai a ƙarshe. Ya faɗi sunan Malam cikakke, da na mahaifinsa. Wani mai kwat ya tambayi da me aka auna. Injiniya ya nuna hoton gefen tebur.

Sun yi alkawari za a riƙa turo sanarwa kwanaki kafin a saki ruwa. Alkawari ne dai, ni da ku mun san halinsa. Yagana ta ce yanzu aka fara, kuma in layin sama ya tsaya a inda ya yanke, nan gaba ba su da abin da za su kama kowa da shi. Ba ta roƙe ni ba. Ta dai faɗa.

Da Badamasi ya zo ɗaukar teburinsa, na miƙa masa tef ɗinsa da ya bari. Bai karɓa ba.

"Riƙe. Gora da hannu sun yi nasu, yanzu ki haɗa da wannan, kada a sake wahalar da wani."

"Kai da me za ka yi aiki?"

"Tela ba ya rasa tef." Ya ɗaure teburin a baro, ya gwada igiyar, ya sake gwadawa. "In kin gama da shi, ki kawo min shago da hannunki, in san kin amince da ni. In kuma na ga an aiko min da shi, na gane, ba sai kin ce komai ba. Ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Yau saura kwana goma sha tara azumi. Inna ta daina yi min faɗa, abin da take yi yanzu ya fi faɗa ciwo. Kullum in na fito sai ta kalli aljihun hijabina ta ce, "Auta, kayan mutane fa ba a daɗewa da su." Jiya na bi ta bakin kasuwa, na hango shi ya sunkuya a kan keke, da sabon tef rawaya a wuyansa. Hannuna na cikin aljihu, na damƙe tsohon. Na rage tafiya. Sai kuma na wuce, na sayi gishirin da ba mu buƙata.

Da safe kuwa, in gari ya waye, nakan ɗauki gora in gangara wurin dutsen. Masunta sun daina kallona. In tsoma, in fito da ita, in auna da tef don Injiniya, in rubuta masa lambarsa. Sannan in waiga, in babu kowa kusa, in naɗe hannun hijabi in sake aunawa. Hannuna, yatsu huɗu. Hannuna, yatsu huɗu. Sai in danna waya.

"Salamu alaikum. Daga bayan Kirikasamma ne. Yau kamu uku da rabi, kamun Ganiyyu. Ya sauka kaɗan."